Shekarar da Na Sallami Yayanku

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da yadda yayanku ya bar gidan nan. Ba wanda ya faɗa mini a gaban idona, amma maganar ta iso kunnena ta bakin Goggonku Rabi, Allah ya jiƙanta, ita kuwa ba ta rage magana in ta ɗauko ta. Kun ce na kori mutum mai ƙafa ɗaya saboda yana wasan yara a waya, kuma kun ce ba abin mamaki ba ne, tunda tun daga yaye na bayar da shi. Gaskiya ne, ni na ce ya tafi. Yadda aka yi na faɗi haka shi ne zan rubuta a nan, kamar yadda aka koya mana a gidan rediyo: abin da ya faru tukuna, ra'ayi daga baya in wuri ya rage.

Ku da kuka tashi a Kaduna ba ku ga kunyar ɗan fari yadda muka gan ta ba. A gidanmu na Daura uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zaman hira da shi. Yayanku kuma kunyarsa biyu ce, don sunan mahaifina aka sa masa. Mutane suna ce masa Sallau saboda ranar sallah aka haife shi, ni ko wannan ban taɓa furtawa ba. Da aka yaye shi, wana Malam Idi ya ɗauke shi zuwa Zango, kuma ba wanda ya ga abin tambaya a ciki, har mahaifiyarku, ko da yake ta daɗe ba ta cin abincin kirki. Malam Idi yake kira Baba. Ni Malam yake ce mini. A Zango ya yi allo, ya shiga gareji, daga gareji ya kama tuƙin motar haya, Daura zuwa Kongolam, wani lokaci har Damagaram. Ni ina Kaduna ina karanta labarai. In na zo hutu yakan zo ya durƙusa a zaure, mu gaisa, in tambayi lafiyar Malam Idi, ya tashi. Duk maganar da muka yi da shi har ya yi furfurar farko, in aka haɗa ta, ba za ta cika labaran rana ɗaya ba.

Shekarar da nake magana a kanta, na riga na yi ritaya na dawo Daura, mahaifiyarku ta rasu, ku kuma kowa yana garin da aiki ko aure ya kai shi. Daga ni sai Yaya Rabi a gida mai ɗakuna da yawa. Abokan ƙuruciyata wasu sun mutu, wasu sun saba da majalisarsu ba da ni ba, in na je sai su gyara zama su gyara Hausarsu, kamar za a naɗi muryarsu. Na daina zuwa. Da hantsi nakan zauna a zaure in karanta jarida da ƙarfi don kada murya ta yi tsatsa, in na kunna rediyo kuma in yi ta gyara wa yaran yanzu jimlolinsu, ba mai ji. A cikin wannan hali aka zo mana da labarin taya ta fashe wa yayanku a hanyar Mashi. Fasinjojinsa sun tsira. Shi aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ƙafar totur da birki, hannunsa na dama kuma ya daɗe a ɗaure, da aka kwance yatsun suka ƙi lanƙwasuwa sosai. Malam Idi ya riga ya rasu, asibitin da ake wanke masa ciwon kuma yana nan Daura, sai aka kawo shi gidana, aka sa shi a ɗakin da ke kallon zaure. Matarsa da yara suka zauna a Zango wurin iyayenta, suna zuwa ranar Juma'a.

Ya juya fuskarsa ga bango. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Kowace safiya nakan tsaya a tsakar gida, ina hango bayansa ta ƙofa, in ce:

"Yaya Rabi, ya mai jiki?"

Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, in ji shi."

Alhali bai ce komai ba.

Ƙanwarsa Ummi ce ta aiko masa da waya daga Kaduna, da wasanni a ciki, wai ko za su ɗebe masa kewa. Ɗaya daga ciki tseren mota ne, amma ba irin wanda ake murɗa sitiyari ba. An zana shi da gangan kamar wasannin dā, hotuna masu kaushi, motoci irin na zamanin samartakata, masu dogon gaba. Motoci biyu ne suke tsayawa a miƙaƙƙen titi, fitilu su sauko daga sama, in koriya ta kama a tashi. Ba kwana, ba rami, ba shingen 'yan sanda. Aikin mai tuƙi kawai ya tashi a kan lokaci, ya sa kowace giya a kan lokaci. Tseren yakan ƙare kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu. Ainihin wasan yana cikin gareji, inda ake canza taya, a rage wa mota nauyi, a daidaita giya da mai da iska. Garejin nan kuwa duk da Turanci yake, yayanku kuma lambobi ya sani da karatun Hausa, Turanci sai na bakin tasha.

Wata rana bayan la'asar Yaya Rabi ta shigo zaure da wayar a tafin hannu kamar ta ɗauko ƙwai.

"Sallau ya ce a tambayi Malam, me wannan rubutun yake cewa?"

Na duba, na fassara mata. Ta tafi, ta dawo da wani layin. Na fassara. Ta tafi, ta dawo ta ce ya ce ba haka ba ne, don ita a hanya ta mai da giya taya. A dawowa ta gaba ta ajiye mini wayar a cinya.

"Ni ba ɗan aike ba ce, gwiwoyina ma aro nake yi. Ɗauki kujerarka ka je bakin ɗakin. In ba za ka yi masa magana ba, ka yi wa ƙyauren bayani, shi kuma ya ji."

Haka na yi. Na ajiye kujera a bakin ƙofa, na fuskanci ƙyaure, na ce masa wannan layi yana nufin yadda giya take raba ƙarfin inji zuwa taya, in lambar ta yi sama mota za ta zabura da wuri amma ta gaji da wuri. Sai na ji murya daga ciki, a dushe, tana magana da katifa.

"Gajeriyar giya ke nan."

Na yi shekara da shekaru ina neman kalmomin Hausa ga abubuwan da ba mu da su, har ana kiran taro a kan kalma ɗaya. Wannan ta yi mini daidai, na ce wa ƙyaure ta yi daidai. Washegari na dawo da kujerata ba tare da an aiko ba.

Da sannu aiki ya rabu. Yatsunsa ba sa bin umarninsa da sauri, sai ya tashi a makare, a wuce shi tun daga layi. Ni kuma ban taɓa tuƙa mota a rayuwata ba, amma na ƙare ƙuruciyata a gaban makirufo ina jiran jar fitila ta kama in fara magana, ba kafin ta kama ba, ba bayan ta daɗe ba. Da na gwada sai na ga abu ɗaya ne. Saboda haka shi ya zama bakanike, ni direba, waya tana shiga ɗaki tana fitowa ta bakin ƙofa. Kuma da waɗannan sunaye biyu muka sami hanyar magana, don bakanike ba ɗan fari ba ne, direba kuma ba uban kowa ba ne.

"A gaya wa direba yana sa giya ta biyu da wuri. Ya bari allurar ta kusa ja."

"Direba ya ji. A gaya wa bakanike tayar baya tana zamewa wajen tashi."

"Ba laifin taya ba ne. Direba ne yake take totur kamar ana binsa."

"Direba ya girmi motar."

Na ji ya yi dariya ta hanci, irin ta mahaifiyarku. Ban san yana da ita ba.

Motarmu ja ce, tsohuwa, muka same ta tana tari muka yi ta gyara ta. Yaya Rabi ta sa mata suna Jar Akuya. In tana tankaɗe a tsakar gida takan ɗaga murya ta ce, "Tsofai-tsofai da ku, ɗaya da farin gemu ɗaya da 'ya'ya, kuna tsere a tafin hannu. Yau akuyar ta ci ko an cinye ta?" Yayanku ya fara cin tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya fara zama a bakin gado, daga baya ya karɓi sandunan da ya ƙi kallo, ya riƙa fitowa ƙofa, har ya zama tsakanina da shi tabarma ɗaya ce, ko da yake kowa waya yake kallo. Muka ci garuruwan cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, sai wata baƙar mota a gari na ƙarshe da ta gagare mu. Kullum da ɗan abin da bai kai tsawon hancin mota ba take wuce mu. Shi yakan kwana da lissafin giya, ni in wayi gari ina jiran la'asar. Zan faɗa a fili, tun rasuwar mahaifiyarku ban jira wani lokaci na yini ba sai a watannin nan.

Cikin damina abin ya juya, kuma ni na jawo ba da niyya ba. An ɗauke wuta, ruwa ya tsaya, unguwa ta yi tsit. Na kara wayar a kunne ina sauraron injin Jar Akuya, sai na ji gaɓa. Na yi shekaru ina yanka tef ɗin naɗar murya da reza ina haɗawa, kunnena ba ya kuskure wurin haɗi. Na ce, don kawai in nuna abin da na gano, a gaya wa bakanike kukan injin nan ɗan guntu ne aka naɗa, yana ƙarewa yana komawa farko.

Da ya amsa kuma bai ce a gaya wa direba ba.

"Na daɗe da sani, Malam. Ko an canza fulogi, ko an buɗe kafireto, kukan ɗaya ne. Inji na gaske ba ya kuka ɗaya da safe da rana. Da asuba in ka tayar da shi yana da wata murya, in ya yi zafi a hanyar Kongolam da kaya a bayansa yana da wata. Kafin abu ya lalace sai ya faɗa maka. Wannan ba ya faɗar komai. Lamba ce kawai."

Ya ci gaba, ya daɗe yana magana, a kan motocin da ya tuƙa da halin kowace. Ban taɓa jin jimloli da yawa haka daga bakinsa ba. Yana cikin magana wata mota ta wuce a babban titi, sai ya tsaya, ya karkata kai yana bin ta da kunne har ta ɓace, sa'an nan ya ƙarasa abin da yake faɗa. Daga ranar na lura haka yake yi wa kowace mota. Hannunsa yana kan waya, kunnensa yana titi.

Ba a daɗe ba Alhaji Tukur ya zo duba shi. Shi ne maigidansa da ya koya masa gyaran mota a Zango, daga baya ya koma Kano ya buɗe babban gareji. Mutum ne mai faɗin murya, a zaure ya yi maganarsa kowa yana ji.

"Sallau, ƙafa aka yanke, ba kunne ba. Ina da yara cike da gareji, kowa ya iya kwance inji, ba wanda ya iya sauraronsa. Benci zan ba ka a inuwa, ka zauna ka ji, ka faɗa musu inda za su taɓa. A Kano kuma akwai masu yin ƙafar roba. In ka zauna da gindinka ka ɗauko iyalinka."

Yayanku ya ce sai ya yi shawara. Alhaji Tukur ya ce zai riƙe masa wurin har a gama kaka, bayan nan ba zai iya hana wani ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka Yaya Rabi ta same ni a zaure, ta zauna, ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Ya ce ba za shi ba."

"Dalili?"

"Wai Malam ba shi da kowa a gidan nan sai ni, ni kuma wai na tsufa, ji mini ɗan nan. Ya ce kafin ya zo yana jin labarin kana karanta wa bango jarida. Ya ce in ya tafi wa zai gyara wa direba mota."

Na naɗe jaridar. Ta ce, "Ka ji daɗi ko?" Na ce na ji. Ta ce, "To ka ji, amma 'ya'yansa suna cin tuwon gidan surukai."

A nan ne nake so ku tsaya ku duba abin da ke gabana. Mutum mai shekara arba'in ba kaɗan, da mata da yara, da sana'a a kunnensa, zai zauna a ɗakin da ke kallon zaure yana jujjuya lambobi don wani tsoho ya sami abin jira. In kaka ta wuce, wurin ya tafi, kuma na san irin zaman da zai biyo baya, don na ga bayansa lokacin da yake kallon bango. Na yi tunanin in kira shi in ce masa a hankali ya tafi, ni lafiyata lau. Amma ban taɓa yi masa magana mai taushi ba, in na fara a ranar, taushin zai ji, ba maganar ba, kuma ya ƙara zama. Malam Idi ya yi masa tarbiyyar da ba ya tsallake umarni. Umarni ne kaɗai abin da zai fitar da shi, kuma sai umarnin da bai bar masa zaton ana bukatarsa ba. Na san haka tun gero yana fitar da kai. Na ci gaba da ɗauko kujerata bayan la'asar har aka fara yankan gero, kullum ina cewa bari mu gwada baƙar motar nan sau ɗaya tukuna. Ba mu ci ta ba.

Na shirya jimlar kamar yadda nake shirya kanun labarai, na cire duk kalmar da za a iya jingina da ita. Da hantsi, yana ɗakinsa ƙofa a buɗe, na tsaya a tsakar gida na yi amfani da muryar aiki.

"Yaya Rabi, ki gaya wa yaron nan, magidanci ba ya ƙare rayuwarsa a kan wasan waya. Ni ma na gaji da shi. Ya shirya ya bi Alhaji Tukur. Na gama magana."

Ta ajiye rariyar hannunta ta dube ni.

"Haka zan faɗa?"

"Haka."

"Ba ƙari?"

"Babu."

"To ba sai na wahalar da gwiwata ba. Ya ji. Maƙwabta ma sun ji."

Ranar ban kai kujera bakin ƙofa ba, washegari ma haka. Na san in na zauna a wurin zan janye maganar. Bayan la'asar nakan fita in bi titi da ƙafa har wajen gari, in dawo da magariba.

Ranar tafiyarsa ya fito zaure da sandunansa. Ya so ya durƙusa kamar yadda ya saba, abin ya ƙi, ya jingina da bango ya sunkuyar da kai. Ina riƙe da jarida.

"Malam, zan tafi."

"Allah ya tsare hanya."

"A yafe mini ɓata wa Malam lokaci da na yi."

Na karanta labarin rasuwar manyan mutane a rediyo, har da na waɗanda na sani, muryata ba ta taɓa rawa ba. Wannan horon ne ya yi mini aiki. Na ce, "Ba komai." Ya fita, na ji ƙarar sandunan a kan dakali, na ji an rufe ƙofar mota.

Wayar a kan katifa Yaya Rabi ta same ta. Ba mu san ko mantawa ya yi ko bari ya yi ba, bai aiko a kai masa ba, ni kuma ban tambaya ba. Tana nan a aljihun tebur. Garejin wasan ban taɓa shi ba, don ban san me zan taɓa ba.

Sauran kun sani. Ya sami ƙafar roba, ya ɗauko iyalinsa, yanzu ana kai masa motoci daga nesa, yaransa suna makaranta. Yana zuwa kowace sallah da buhun shinkafa, ya gaishe ni, in amsa, ya shiga ciki. Bai sake zama tabarma ɗaya da ni ba. Yaya Rabi ta so ta faɗa masa gaskiya, na hana ta, don a shekarun farko ina tsoron kada ya tattaro ya dawo. A ciwonta na ajali ta tambaye ni ko na gaya masa. Na ce tukuna. Ta ce, "Kai da bakinka ka ci abinci duk rayuwarka, ka rasa yadda za ka yi da magana ɗaya." Bayanta ba wanda ya rage da ya san yadda aka yi, sai ni.

Yanzu ya kafu, ba abin da zai dawo da shi. Saboda haka in littafin rayuwata da nake rubutawa ya kammala, ɗayanku ya kai masa wannan babi. Yana karanta Hausa, a hankali, ku bar shi ya karanta da kansa, kada kowa ya tsaya a kansa. Ban gaji da wasan ba, kuma bai ɓata mini lokaci ba. Kada ku kawo mini amsarsa. In ya zo sallah kuma kada wani ya tayar da maganar a gabana. Ku bar mu mu gaisa.